Bob Dylan ko Cat Stevens: wanne ya fi shiga ran masu sauraro?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin 'yan'uwa masu sauraron mawaƙan da suka haɗa salon gargajiyar Turawa da kiɗan rok. Tsakanin Bob Dylan na Amurka da Cat Stevens na Ingila, wanne kuka fi so, kuma me ya sa?

Amsa ta farko:
Malam, ai Dylan gaba yake. Shi ne ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na garin Newport a Amurka a 1965 riƙe da gita mai lantarki, har wasu masoyansa suka yi masa ihu domin a ganinsu ya ci amanar waƙar gargajiya, amma daga baya hanyar da ya buɗe ce mawaƙa da yawa suka bi. A 2016 kuma aka ba shi lambar Nobel ta adabi saboda baitocinsa.

Amsa ta biyu:
Ban musanta ba, Yallabai, sai dai lambar yabo daban, daɗin sauraro daban. Muryar Dylan tana fita ta hanci, tana da kaushi, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba zai sha wahala kafin ya kama zancensa. Cat Stevens kuwa muryarsa a kwance take, kalmominsa a sauƙaƙe.

Amsa ta uku:
A nan gida da yawa sun fi sanin Stevens da sunan Yusuf Islam, tunda ya musulunta a 1977 ya jingine irin wannan kiɗa, bai dawo da sabon faifai a salon ba sai 2006. Ina jin wannan tarihin ne yake jawo masa ƙaunar mutanenmu, fiye da waƙoƙin nasa ma.