Neman kalma: me za mu kira auren 'ya'yan sarakunan Bohemiya?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Gobe da safe za mu ɗauki shirin tarihi a rediyo kan matan gidan sarautar Bohemiya, ƙasar Cek ta yau, kuma na maƙale a kan abin da Turawa ke kira dynastic marriage. Ga misali: an kashe Sarki Wenceslas na uku a garin Olomouc a 1306, maza suka ƙare a gidan. A 1310 aka ɗaura wa ƙanwarsa Eliska aure da Jon na Lukzambag, tana da shekara 18 shi yana da 14, ta dalilinta ya hau karaga. Na rubuta "auren zumunci" amma bai kwanta mini ba.

Ɗan Fagge: Anti, cire zumunci. Mai sauraro zai ɗauka ɗan baffanta ta aura. Ki ce auren siyasa kawai.

Malam Na Gobir: Siyasa Larabci ce, kuma yau da an faɗe ta sai mutane su hango ɗan gwamna da ɗiyar sanata. Ni na daɗe ina koya wa ɗalibaina "auren gado". Gajere, Hausa tsantsa. Ko Bayajida ta hanyar Daurama ya samu shiga, ba baƙon abu ba ne gare mu.

Ɗan Fagge: Malam, wane gadon? Na kwanciya ko na mamaci? 😂

Malam Na Gobir: Yaro, a rediyo za a faɗa, karin sauti zai raba su. Ku da ba ku iya jan wasali ba ne ke ruɗewa.

Hajiya Ta Zariya: Malam, da girmanka, kalmarka Eliska kaɗai ta ɗauka. Dubrawka, 'yar gidan sarautar Bohemiya, da aka kai wa Mieszko mai mulkin Folan a 965 ba ta kai masa karaga ba, ƙawance aka ƙulla, shekara na zagayowa ya karɓi addinin Kirista. Ita kuma gimbiya Ana ta Bohemiya da Sarki Richard na biyu na Ingila ya aura a 1382 ko gara ba ta zo da ita ba, shi ne ma ya tura wa yayanta kuɗi, mutanen Ingila suka yi ta gunaguni. Me aka gada a nan?

Malam Na Gobir: To Margaret ta Ostiriya fa? Ottokar na biyu na Bohemiya ya aure ta a 1252, ta girme shi da fiye da shekara 20, don ƙasarta. Da ya ga babu haihuwa aka raba auren. In wannan ba auren gado ba ne, mene ne?

Ba-Damagare: Duk abin da kuka yanke sai ku ce ita ce daidaitacciyar Hausa, mu na Nijar a bar mu da saurare. Wa ya ba Kano alƙalancin harshe?

Ɗan Fagge: Yallaɓai, mai auren gadon Bagobiri ne, mu me muka yi?

Malam Na Gobir: Ai Hausar tana wajenmu, ku kasuwa kuka iya.

Maman Ilham: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Zan sa "auren gidajen sarauta" a kan shirin gaba ɗaya, wajen Dubrawka in ce auren ƙulla ƙawance. Malam, wajen Eliska da Margaret zan ce "aure don gadon sarauta".

Malam Na Gobir: Kin tsawaita abin da kalma biyu suka isar. Amma shirinki ne. Ni dai a aji ba zan canza ba.

Hajiya Ta Zariya: Kada ki manta Agnes, 'yar Sarki Ottokar na farko. An yi ta ƙulla baikonta ana kwancewa, daga baya ta ƙi auren gaba ɗaya, ta gina asibiti a Firag, babban birnin ƙasar, ta shiga gidan mata masu ibada a 1234. Kuma ki kula da "sarauniya", yawancinsu matan sarki ne, ba su suka riƙe mulki ba.

Maman Ilham: Wayyo Hajiya, sau tara na rubuta sarauniya a takardar. Bari in koma kai.