Shawarwari kan rubuta labarin soyayyar takura tsakanin matasa

Abin da na tsinta a wata tattaunawa kan yadda za a rubuta irin wannan labari dai, yawanci sun ce kar a nuna saurayin mugu ne tun shafin farko, ai ba haka abin yake zuwa ba. Da kulawa yake farawa, kira ba dare ba rana, sai "ba ni lambar sirrin wayarki", sai ya raba ta da ƙawayenta har ta wayi gari ba ta da kowa sai shi. Wasu sun ja kunne kar a mai da kishi ado, nan kam ina tare da su. Budurwa ma tana iya zama mai takurawar. Rabuwa kuma ba lokaci ɗaya ba ce, a bar wadda ake takura wa ta koma ta sake fita, a sa wani babba da za ta iya faɗa wa.