Neman shawara: agogon gado mai wani, in bari a sabunta shi?

Assalamu alaikum. A rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, agogonsa na hannu ya faɗo a kasona. Ƙirar Suwizalan ne, ba ya amfani da batir, motsin hannu ne yake yi masa wani. Yanzu yana gudu da kusan minti biyar a yini, fuskarsa ta dushe, jikinsa kuma duk ƙarce. Wani mai gyara ya ce zai goge jikin ya yi ƙyalli, ya sauya fuskar da sabuwa, amma hankalina bai kwanta ba. Me kuke gani?

Amsar wani mai gyaran agogo:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya gafarta wa Baba. Gudun da ka ambata sau da yawa aikin maganaɗisu ne. A cikin agogon akwai wata 'yar ƙafa mai kai da komowa, wadda a yawancin agogunan zamani take bugawa sau 28,800 a awa, kuma wani siririn sifirin mai kaurin gashi ne yake tsara bugunta. Idan aka ajiye agogon kusa da lasifika ko murfin waya mai maganaɗisu, sai zagayen sifirin ɗin su manne da juna, tsawonsa ya ragu, agogon ya kama sauri. Cire maganaɗisun kuwa aikin 'yan daƙiƙoƙi ne ga mai na'urarsa. Domin ka gane girman matsalar, hukumar COSC ta Suwizalan ba ta ba agogo shaidar inganci sai jinkirinsa bai wuce daƙiƙa 4 a yini ba, saurinsa kuma bai wuce 6 ba. Idan an daɗe ba a buɗe shi ba, a warware shi gaba ɗaya, a wanke sassan, a ɗiga sabon mai a kan ƙananan duwatsun yaƙutu da ƙarafan suke juyawa a kansu.

Amsar wani dattijo mai tara agoguna:

Ɗana, kada ka yarda a goge shi. Injin guga cin ƙarfe yake yi, kuma kaifin gefunan nan da maƙera suka fitar, wani wuri mai sheƙi, wani mai zanen layuka, idan ya tafi da wuya ya dawo. Haka fuskar: masu sayen tsofaffin agoguna sun fi daraja ta asali ko da ta dushe, kuma sauya ta yana karya kuɗin agogon ƙwarai. Duk abin da aka cire a ciki, ka ce a ba ka shi ka adana.

Amsar wata 'yar'uwa:

Malam, ka riƙa cire shi kafin alwala, domin robar da take hana ruwa shiga tana bushewa da shekaru. Idan yana nuna kwanan wata, kada ka sauya kwanan yayin da hannayensa suke tsakanin tara na dare da uku na asuba, saboda a lokacin haƙoran da suke juya kwanan suna sarƙe, kuma tilasta su yana iya karya su.