Abin da masu lambu a Kaduna suka tattauna kan noman diragon furut

Diragon furut ɗan itace ne da wani tsiro mai rarrafe da rassa masu kauri ke haifarwa. A tattaunawar, an fi daɗewa a kan zaɓen irin da za a noma. Wanda cikin 'ya'yansa fari ne, shi aka ce sabon shiga ya fara da shi: yana da juriya, kuma galibi yana yin 'ya'ya ba tare da an taimaka masa ba. Wanda cikin 'ya'yansa ja ne ya fi zaƙi da farin jini a kasuwa, sai dai da yawa daga cikinsa na buƙatar garin furen wani iri daban. Furen kuwa da dare yake buɗewa, dare ɗaya tak, don haka sai mutum ya fita da tocila da ɗan burushi ya shafa da hannunsa. Mai rawayar ɓawo, na Kolombiya da Ekwado, ya fi duka zaƙi, amma ga ƙaya, ga jinkirin nuna, kuma ba ya son zafi mai tsanani. A ganina, a bar wa 'yan Kagoro da Kafanchan su gwada shi.

Asalin tsiron daga Meziko da Amurka ta Tsakiya yake, kuma yakan rarrafa jikin bishiya ne inda yake samun inuwa, saboda haka ranar Maris da Afrilu a Zariya na ƙona rassansa su koma rawaya. A yi masa rumfar raga a lokacin.

Babban makiyinsa ruwan Agusta ne. Idan ya kwanta a gindi, saiwa ta ruɓe. A ɗaga kunya, a gauraya yashi da takin gida, a kafa turken siminti da tsohuwar taya a samansa don rassa su zubo.

Reshe ake dasawa, bayan bakin yankan ya bushe. Idan ƙwayar iri aka shuka, tsiron yakan ci shekaru kafin ya haihu.