Mai minsharin da ke yin shiru: wane suna za mu ba ciwonsa?

1/ Jama'a, ku kawo ɗauki. An ba ni fassarar wata takardar wayar da kai da za a raba a nan Kaduna, na zo kan abin da likitoci ke kira sleep apnea na cije. Kwana uku ke nan ina juya ta. Rabin kalmar ma ba Turanci ba ne, daga Girkanci aka aro, ma'anarta "babu numfashi".

2/ Bari in fara da yadda abin yake, don kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki. Ga wasu, harshe da belu da tattausan naman ganɗa sai su zubo baya su toshe hanyar iska. Ƙirji na ta ƙoƙarin ja, iska ba ta wucewa. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita mutum, ya ja wani dogon gurnani, ya koma barci. Da safe bai san an yi ba. Likita ba ya ƙirga shi sai shirun ya kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 abin ya yi tsanani. Ku lissafa wa mai barcin awa bakwai ku gani.

3/ Na farko da aka jefo min: "Ai minshari ne, me kake wahalar da kanka?" A'a, ɗan'uwa. Gidan da babu mai minshari a Tudun Wada sai an tona, kuma da yawansu lafiyarsu lau. Haɗarin yana cikin shirun da ke tsakanin minshari biyu. In muka rubuta "ciwon minshari" dariya za a yi a ninke takardar a zuba ƙosai.

4/ "Ciwon barci" kuwa tuni yana da mai shi. Wannan shi ne wanda ƙudan tsando ke sa wa mutum, ɗan'uwan sammore na shanu. Mu mutanen Kaduna bai kamata mu yi wannan kuskuren ba, tunda hedikwatar cibiyar binciken cutar ta ƙasa, wato NITR, a garinmu take.

5/ Wata baiwar Allah ta ce dannau. Na ji daɗin wannan, don kalma ce tamu tsantsa, amma wani abu ne daban. Mai dannau idonsa biyu, yana ji yana gani, jiki ne ya ƙi motsi. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, to wani sa'in hankali yakan riga jiki farkawa. Ɗan lokaci kaɗan ya sake shi. Mai dannau yakan tashi da labari a bakinsa. Namu mutumin ba shi da labarin komai, sai ciwon kai da bushewar baki da fitsarin dare, da gyangyaɗi a sahun Juma'a tun liman bai gama huɗubar farko ba.

6/ Wannan ne ya sa na ajiye ƙamus na tafi wajen matar kawuna. Kawu direba ne, shekara da shekaru yana Kaduna zuwa Zariya, mutum ne mai jiki, wuyansa ya cika kwalar riga. Na ce, "Inna, yaya kike cewa abin nan da Kawu ke yi da dare?" Ta ce, "Kai dai bari, ɗan nan. Yana cikin jan minsharinsa sai ka ji ɗif. In tashi zaune ina salati, in kai hannu hancinsa. Can sai ya shaƙe, ya yi wani irin gurnani kamar an sake shi." Kawu yana gefe yana shan shayi ya ce sharri ne, shi bai taɓa minshari ba a rayuwarsa.

Ra'ayina ke nan: wanda ke kwana kusa da mai ciwon shi ke kai shi asibiti, don haka kalmar da za ta yi aiki ita ce wadda Inna za ta ji ta ce, "Wallahi shi ne!"

7/ Saura uku a hannuna. "Ɗaukewar numfashi a barci" ta fi kowace dacewa da ma'anar asali, kuma na ga ana amfani da ita. Matsalarta, in Bahaushe ya ce numfashin wane ya ɗauke, an fara neman likkafani. Ga tsawo kuma. "Tsaikon numfashi" tana da ladabi, sai dai ta yi kama da sanarwar ma'aikata, kamar an samu tsaikon albashi. "Shaƙewar barci" ita ce ta fito daga bakin Inna ba tare da na sa mata ba.

8/ Wani malamin jinya ya yi min gyara, kuma yana da gaskiya: iri biyu ne. Akwai na toshewa, wanda na bayyana, shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma wanda hanya a buɗe take, ƙwaƙwalwa ce ba ta aika umarnin numfashi ba, ana ganinsa ga wasu masu ciwon zuciya da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki. A nan babu shaƙewa. Na karɓa, Malam. To a bar "ɗaukewar numfashi a barci" ta zama uwa a littafin ɗalibai, "shaƙewar barci" ta zama sunan na toshewa, wanda za a faɗa a rediyo da layin ganin likita.

9/ Tunda takardar ta haɗa da gwaji da magani, ga yadda na sa su. Gwajin da ake kwana da wayoyi a ka da ƙirji da yatsa, ana auna aikin ƙwaƙwalwa da bugun zuciya da numfashi da oksijin, na kira shi "awon barci", kamar yadda muke cewa awon ciki. Ba wanda zai tambayi ma'anarsa. Na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan na Sidni a Ostireliya ya fitar da bayaninta a 1981, na rubuta "na'urar hura iska". Takunkumi ne a hanci da ke tura iska a hankali duk dare don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Na san dai bakin mutanenmu "sifaf" zai ce, kuma ba zan yi faɗa da shi ba. Faɗan yana wajen wuta, don wanda ba shi da sola ko batir ya san yadda darenmu yake.

10/ Sauran ba su ba ni wahala ba: rage ƙiba, kwanciya a gefe maimakon rigingine, barin giya, da guje wa ƙwayar barci ta kemis, don tana ƙara sakin maƙogwaron. Na ƙara layi ɗaya da babu a Turancin: kada a kai wa wanzami ya cire belu da sunan magani. Yaro mai minshari da barci baki buɗe, likitan kunne da hanci da maƙogwaro za a kai wa, sau da yawa kumburin naman wuya ne, kuma muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan cikin gari. Mai hawan jinin da ya ƙi jin magani shi ma a tambayi matarsa yadda yake kwana.

11/ Na aika da "shaƙewar barci". Yanzu shafi na gaba ya kawo ni kan narcolepsy, wanda barci ke sace mutum tsakar rana yana cikin magana, wani har gwiwarsa ta sake in ya yi dariya. Na rubuta "farfaɗiyar barci" na goge, don ba farfaɗiya ba ce, kuma kun san abin da wannan kalmar ke yi wa auren yarinya. 'Yan Zariya, me kuke cewa?