Kuɗin kawo kaya daga intanet zuwa Daura da ƙauyuka: abin da aka tattauna

Na tattaro bayanan da 'yan uwa suka kawo a tattaunawar da aka yi kan kuɗi da hanyar kawo kayan da aka saya ta intanet zuwa Daura da ƙauyuka:

1. An fi yarda cewa kuɗin kawo kaya Daura ya fi na Kano ko Katsina, musamman kaya masu nauyi irin su firji da janareta, domin nauyi da nisa ake dubawa. Wasu dillalan ma ba sa kai irin waɗannan ko kaɗan.

2. Da yawa sun ce a sa adireshin wurin karɓar kaya a birnin Katsina, irin na Jumia, kamfanin sayar da kaya ta intanet, sannan a ba direban mota ya ƙaraso da kayan tashar Daura. Ya fi sauƙi, amma a buɗe kayan a duba kafin a ba direba.

3. Mutanen Mai'adua, Zango da Baure sun ce yawanci masu kawo kaya suna tsayawa ne a Daura, sauran hanya kai za ka nemi ɗan acaɓa.

4. An rabu kan biya idan kaya ya iso. Wasu sun ce ya fi aminci, wasu sun ce ba kowane gari ake ba wannan damar ba. A ganina na biyun sun fi gaskiya.

5. Kaya daga Sin, a tambayi kuɗin kwastan tun farko.