Karatun tsara kayan katako da ƙarfe: makaranta ko wurin maigida?

Ɗan Masassaƙa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sarrafa katako da ƙarfe, ko ta fuskar karatu ko ta fuskar sana'a. Na kammala sakandare a bana, kuma gidanmu gidan sassaƙa ne, domin mahaifina turmi da taɓarya da akushi yake yi, kawuna kuma yana da shagon walda inda nake taya shi aiki a lokutan hutu. Burina shi ne in iya tsara kayan ɗaki da ƙofofi da fitilun ado waɗanda ake haɗa katako da ƙarfe a cikinsu, in zana su da kaina maimakon kwaikwayon hoton da mai kaya ya nuna mini a waya. Mahaifina yana ganin shekarun da zan kwashe a makaranta asara ce tunda hannu ne ke koyon wannan aiki, kawuna kuwa cewa yake yi takarda ce ke kawo kwangila. Shin akwai makarantar da ake koyar da wannan fanni sosai? Sannan an gaya mini cewa duk wanda ya shiga sashen zane-zane na jami'a sai ya sassaƙa mutum-mutumi, abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Tsohon Malamin Fasaha ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da kake nema a warwatse yake tsakanin makarantu iri uku, kuma ya kamata ka bambance su kafin ka cike takardar JAMB.

Kwalejojin fasaha na gwamnati, waɗanda suke a matakin sakandare, suna koyar da aikin kafinta da haɗa kayan ɗaki da walda da zubin ƙarfe, kuma hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ita ce ke shirya jarrabawarsu. Tunda ka riga ka gama sakandare, abin da ya fi dacewa da kai shi ne mataki na gaba. Kwalejojin ilimi na fasaha na tarayya da ke Bichi da Gombe da Potiskum suna da sassan aikin katako da aikin ƙarfe, inda ake yin shekara uku a sami shaidar NCE, kuma ko da yake don horar da malamai aka kafa su, ɗalibi yana fita da sanin injuna da zane mai awo. A kwalejojin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, waɗanda hukumar NBTE ke lura da su tun 1977, ana yin shekara biyu na ƙaramar difloma, sai shekara ɗaya ta aiki a masana'anta, sannan shekara biyu na babbar difloma.

Jami'a kuwa wata hanya ce daban. Sashen zane-zane na Zariya ya girmi ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello, domin tun 1955 yake a garin, jami'ar kuma sai 1962 aka buɗe ta. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna masu cewa ɗan Najeriya ya ɗauki dabarar da ya koya daga Turawa ya haɗa ta da fasahar da ya gada. Gaskiya ne cewa a wannan sashe ana zana mutane ana kuma sassaƙa su, musamman a shekarun farko da kowa ke yin darussa iri ɗaya. Hukuncin wannan a addini na malamai ne, su za ka tuntuɓa. Abin da zan iya gaya maka shi ne, aikin da ka bayyana ba ya buƙatar surar mai rai ko kaɗan, kuma hanyar kwaleji za ta kai ka gare shi ba tare da ka shiga wannan damuwa ba.

Maƙerin Baƙi ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan makarantu, amma ina so in tsaya wa mahaifin yaron nan, domin maganarsa tana da tushe. Na karɓi samari masu takarda a maƙerata, wasunsu suna iya faɗa maka zafin da ƙarfe ke narkewa a kansa, amma idan ka miƙa musu masaba ka ce su fitar da bakin gizago daga guntun sifirin mota, sai aikin ya gagara.

Dalili kuwa shi ne, akwai abin da ido da kunne kaɗai ke koyo. Idan ƙarfe yana cikin garwashin ƙirya ana zuga shi, launinsa yana tashi daga ja mai duhu zuwa ja mai haske, daga nan ya koma ruwan ɗorawa, kuma idan ka ga ya fara tartsatsi to ka ƙona shi, ba zai ƙara yin baki mai kyau ba. Bayan an ƙera, ana tsoma shi a ruwa ko baƙin mai domin ya yi tauri, amma taurin nan mai karyewa ne, don haka sai a goge bakin ya yi fari, a sake ɗumama shi a hankali ana kallon yadda launi ke tafiya a kansa, daga kalar kara zuwa shuɗi. Wurin da za ka tsayar da shi ya danganta da aikin da kayan zai yi, domin abin yanka itace da abin da zai sha duka ba tauri ɗaya suke so ba. Wannan tafiyar launi cikin ƙiftawa take wucewa, kuma sai wanda ya lalata ƙarfe da yawa a gaban maigidansa ne yake iya kama ta.

Haka lamarin yake a wurin mahaifinka, ɗana. Yana iya ƙwanƙwasa gungume ya san ko akwai rami a cikinsa, ya san itacen da ke jure dukan taɓarya da wanda gara ke ci. Mutanen Bida da suka shahara da aikin tagulla, da maƙeran layin Igun a birnin Benin, duk a gidajen gado suka riƙe fasaharsu. Ban hana ka karatu ba, sai dai ina jan hankalinka kada ka tafi ka bar ilimin da ke cikin zaurenku, domin masu shi tsufa suke yi kuma ba a rubuce yake ba.

Mai Tsara Kayan Ɗaki ta amsa:

Ƙanena, ni sana'ata kenan, ina zana kayan ɗaki ina ba kafintoci da masu walda su haɗa, kuma da dukkan girmamawa ga Baba maƙeri, ina ganin akwai giɓin da wurin maigida ba ya cikewa. Yawancin masu sana'armu gwanaye ne a hannu, amma idan aka ce su yi kujeru hamsin iri ɗaya don wani ofis, sai ka tarar da ƙafafunsu sun bambanta, saboda da ido aka auna. Zane mai awo, wanda ke nuna kaya ta gaba da ta sama da ta gefe tare da kowane tsawo a milimita, shi ne ke ba ka damar aika aikinka wani gari a yi shi daidai ba tare da kana tsaye ba. Shi ne kuma ke ba ka damar ƙirga falanki nawa da rodi nawa za su shiga kafin ka yanka farashi, kuma a wannan lissafi ne masu sana'a da yawa ke karyewa.

Tunda katako da ƙarfe kake son haɗawa, ga matsalar da za ka fara cin karo da ita. Katako yana shan laima yana kumbura da damina, yana kuma tsukewa da hunturu, kuma a faɗinsa yake yin wannan motsi fiye da tsawonsa, alhali ƙarfe bai damu da laima ba. Idan ka ɗaure saman tebur na maɗaci a kan firam na ƙarfe da kusoshi ƙam, watan Janairu yana shigowa za ka ji ya tsage. Maganinsa shi ne a huda ramukan kusoshin da ɗan tsawo domin katakon ya sami wurin motsi, sannan a tabbata ya bushe, domin yawancin katakon da ake kawowa daga Kudu da ɗanyensa yake isowa. Masana suna son laimar katakon cikin ɗaki ta sauka zuwa wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari, kuma akwai ƙaramar na'ura da ke auna ta.

Ina kuma roƙon ka lura da itacen da kake saye. Madobiya ta sha sara a yankin Taraba da Adamawa saboda kai ta ƙasar Sin, har ta kai an sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu a taron 2016. Mai tsara kaya yana da hannu a wannan, domin shi ne ke rubuta irin itacen da za a yi aiki da shi. Ta fuskar ado kuwa, kana da dagin Arewa da zanen bangon gidajen Zariya da Kano da aikin allurar babbar riga, kuma har yanzu kaɗan ne daga cikin wannan arziki aka mayar kan ƙofofi da fitilu yadda ya kamata.

Ɗan Masassaƙa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifina jawabin Baba maƙeri, kuma ya ji daɗinsa. Abin da ya rage mini shi ne, idan ban sami gurbi a bana ba, me ya kamata in yi da shekarar?

Tsohon Malamin Fasaha ya amsa:

Ka raba makonka tsakanin zauren mahaifinka da shagon kawunka, kuma ka sayi littafin zane ka riƙa auna duk abin da aka ƙera a gabanka kana zana shi da awonsa, tun daga akushi har zuwa ƙofar ƙarfe. Idan ka sami kwamfuta, ka fara koyon manhajar zane irin AutoCAD ko SketchUp. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana shirya gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku a ƙare a na ɗaya, kuma wanda ya koyi aiki a wurin maigida yana iya zama ya yi shi, don haka ka je ofishinsu na jiharku ka tambayi sharuɗɗan. Ka kuma duba sakamakonka na sakandare tun yanzu, domin idan babu kiredit a lissafi da Turanci, gara ka sake zama jarrabawar a wannan shekarar kafin ka nemi gurbi.